Daminar da Arzika Bai Gama Ba

Da wannan damina da muke ciki, shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Arzika. Ranar da muka kai shi makwancinsa ƙasa a jiƙe take, gero ya kai gwiwa, masu haƙa ba su sha wahala ba. Tun daga lokacin, duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi 'yar sadaka, in hau mota zuwa Dumega in gaida mahaifiyarmu, in dawo Dogon Dutsi in ci gaba da koyar da 'ya'yan mutane a lakwal, wato makarantar boko. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana na kasa yin shiru, domin an ɗora mini wata shawara game da aikin da ya bari bai gama ba, kuma wata uku na yi ina juya ta ina jin tsoro. Duk ta inda na duba sai in ga zan cuci mutum ɗaya cikin biyu, ko shi da ke kabari, ko uwar da ta haife mu.

Wanda ya zauna Dutsi a waɗancan shekarun ya san rumfar Arzika kusa da tasha. Yana buga wa mutane takardu a kwamfuta, yana gyaran wayar salula, in kuma babu aiki sai ka same shi ya tsura wa gilashin ido yana rubuta wasu layuka da ba Faransanci ba, ba kuma wani yare da na sani ba. Ba wanda ya koya masa. Mutum ne marar yawan magana, mai taurin kai irin na jakin da ya ga rijiya. Ni ne akasinsa, bakina ba ya riƙe abu, kuma za ku ga inda wannan hali ya kai mu.

A wannan rumfa ya ƙera wani ɗan wasa na salula, ya sa masa suna Damana, yadda muke faɗa a yankinmu na Arewa. Babu bindiga a ciki, babu mota, babu ƙwallo. Gona ce ake ba ka, da ƙwaryar iri, da sungumi da hauya. Kai za ka zaɓi ranar shuka, ko ka yi binne a busasshiyar ƙasa ka jira, ko ka haƙura sai ruwa ya sauka. Kai za ka san lokacin noman farko da na maimai, da inda za ka sa wake tsakanin gero. In ka yi daidai, kaka ta yi ka cika rumbu. In ka yi kuskure ka tashi da dami biyu. Muryar da ke magana a cikin wasan tasa ce. Rufe ƙofar rumfa yake yi, ya lulluɓa da bargo cikin zafin bazara don kada ƙarar baburan kabu-kabu ta shiga, ya ɗauki kansa yana cewa, “Hadari ya taso gabas, ku hiddo iri.”

Abu ɗaya ya ba shi wahala, wato ruwan sama. A lokacin bai iya sa na'ura ta zaɓi rana da kanta ba, sai an rubuta mata. Sai ya ɗauki kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ya tafi Dumega wurin Inna, ya ce ta ba shi labarin daminar da ta fi kowace kyau a rayuwarta. Ta ce shekarar da ta haife shi. Ta zauna tana ƙirga masa da yatsu, tun daga watan bakwai na lissafin manoma: ruwan farko kwana tara ga wata, na biyu bayan kwana huɗu, yayyafi nan, malka can, har ranar da hadari ya yi sallama. Ya kwafe duka ya zuba a cikin wasan. Ya faɗa mini da bakinsa cewa na wucin gadi ne, don ya gwada ko sauran abubuwan suna tafiya. Ya sa mini a wayata, ya ce in buga in faɗa masa inda ya karkace, kuma kada in ba kowa.

Sati biyu bayan haka na je kasuwar Kore Mairuwa. Na tsaya wurin masu tura wa mutane waƙoƙi da karatu a katin waya, na miƙa tawa. Mutumin yana duba ciki ya ga wasan, ya tambaye ni mene ne wannan. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina, yaya za a yi ɗan'uwana ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a ƙasarmu in kuma rufe baki? Na ba shi labari har da ƙari, ya ce ko zai ɗauka ya gani, na ce ɗauki, amma kai kaɗai. Magana zarar bunu ce. Kafin watan ya mutu wasan ya je Tibiri, ya je Sukukutane, ya bi 'yan cin rani har bakin teku, daga waya zuwa waya, ba wanda zai iya kiran sa ya dawo.

Mutane suka so shi fiye da yadda kowa ya zata. Kuma ba a daɗe ba suka gane sirrinsa: ruwa ba ya canja rana. Duk sau nawa ka buga, daminar nan ɗaya ce ke dawowa. Sai aka haddace ta. Na ji samari a gindin dogon yaro suna koya wa juna kamar karatun allo: kada ka yi binne, jira kwana tara, yi shuka, noman farko bayan ruwa na uku, kada ka taɓa wake sai malka ta shigo. Wanda ya riƙe wannan ba ya taɓa faɗuwa. Wani mutumin Sukukutane da ya shekara biyu yana dako a Kwatano ya zo rumfar takanas don ya yi wa Arzika godiya. Ya ce duk ranar da kewar gida ta dame shi sai ya buɗe wasan ya noma gona guda, ya ga rumbu ya cika, hankalinsa ya kwanta. Ni da ke zaune a gefe sai da ƙirjina ya cika da alfahari, har ina ganin kuskurena ya zama alheri.

Da mutumin ya fita, Arzika ya ɗauki wata waya ya shiga gyara. Can ya ce, “Hamidu, wanga ba noma ba ne, hadda ce.” Bai taɓa yi mini faɗa kan abin da na yi ba, ko sau ɗaya, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Wannan maganar kaɗai ya faɗa, ya koma kan wayar da yake gyarawa.

Akwai wani matashin ɗan kasuwa, Nasiru, mai shagon kayan waya kusa da rumfarsa, irin samarin nan masu ɗage wando da ba sa barin abu ya wuce ba su auna shi da addini ba. Kullum suna musu da Arzika, kan mauludi, kan maganin gargajiya, kan komai. Wata rana ya ce masa, “Malam Arzika, wasan ga naka shina da kyau, amma ka sa yara sun san ranar da ruwa ka zuwa. Wanga sani na Allah ne shi ɗai.” Na gyara zama ina jiran musu. Sai na ji yayana ya ce gaskiya ne. A iya sanina, ranar ce kaɗai suka taɓa yarda da juna.

Daga nan aka fara tambayarsa yaushe na biyu zai fito. A masallaci, a wurin suna, a tasha, tambayar ke nan. Kuma kowa ya san abin da yake so a ciki: a ƙara girman gona, a sa shanun noma, a sa amalanke, wani ma cewa ya yi a ba mutum babur in rumbunsa ya cika uku. Ba wanda ya ce a taɓa ruwan. Ruwan nan shi ne abin da suke dawowa dominsa. Arzika kuwa abin da ke ransa daban ne. Ya koyi yadda na'ura za ta riƙa zaɓen rana ba tare da shi kansa ya sani ba. So yake a kashi na biyu kowace damina ta zo da halinta, ruwa ya yi jinkiri ko ya yi sammako, ya ɗauke a tsakiya, shuka ta ƙone a sake, mutum ya yi komai daidai kuma ya tashi da rabin rumbu. A nan ne, in ji shi, binne zai zama shawara ta gaske, mutum ya riƙe iri a hannu yana tunanin ya zuba ko ya jira.

Ni ban goyi bayansa ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na ce masa mutane sun gaji da fari a waje, don me zai kai musu shi cikin aljihu? Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Na nuna masa ɗakin wasan da ke bayan kasuwa, inda samari ke cika suna buga ƙwallo a talabijin. Duk shekara masu wasan nan na ƙasashen waje suna fito da sabo, na bana da na bara ba su da bambanci sai launin riga da sunayen 'yan wasa, kuma ba wanda ya yi fushi. Ya yi dariya ya ce wannan ɗumame ne, tuwon jiya aka mayar kan wuta. Na ce ai ɗumame ma da shi ake karya kumallo, kuma wani ya fi son sa a kan sabon tuƙi. Ya ce haka ne, amma mai ɗumame ba ya cewa ya yi girki. Mun yi wannan gardama ta fi a ƙirga, shi yana cewa sabo turken wawa, ni ina cewa wanda ya saba da kai shi ne naka.

Bai gama ba. Zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar damina, muka ɗauka na kwana biyu ne, kwana shida ya yi a gidan likita ya cika. Kwamfutarsa ta biyo shi bayan shekara guda, ta mutu da duk abin da ke cikinta. Abin da ya rage shi ne kayen nan, cike da rubutunsa na yadda yake son kashi na biyu ya kasance, da wani ƙaramin kati da ya manne da salatif a bangon baya. A cikin katin akwai muryoyi goma sha huɗu da ya ɗauka don sabon wasan. Na saurare su sau ɗaya, ni kaɗai, na mayar da katin inda yake. Ba muryoyin albishir ba ne. A ciki yana sanar da ɗaukewar ruwa, da ƙonewar shuka, da saukar fara, da irin abin da manomi ba ya son ji.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu ba sai an je ɗakin wasa ba, kowane saurayi da nasa a hannu, kuma in ka leƙa sai ka ga kashi na biyar, kashi na shida na abu ɗaya. Wani tsohon ɗalibina ya yi ƙoƙarin nuna mini bambancin na bana da na bara a wani wasan harbe-harbe, na sa tabarau na duba, ban ga komai ba sai an ƙara hayaƙi. Na san Arzika zai yi dariyar nan tasa ta cikin hanci. Amma ban tabbata zai tsaya kan dariyar ba. Daminar yanzu ta fi ta lokacinsa rashin alƙawari. Bana ma sau biyu aka yi shuka a gonarmu ta Dumega. Hanyoyin da muke bi a da ba tare da tunani ba, yanzu sai an tambayi labari kafin a hau. Mutumin da komai na rayuwarsa ke rawa, in ya nemi wuri ɗaya da ya san abin da zai tarar, ban ga laifinsa ba. Ko yayana zai ga haka, ko kuwa zai ce yanzu ne ma ya fi kamata a koya wa mutane zama da rashin tabbas, wannan ne ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Abin da ya tayar da maganar bana shi ne wasan yana mutuwa. Sababbin wayoyi ba sa karɓar sa, in ka tura sai su ce ya tsufa. Tsofaffin da ke ɗauke da shi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A danginmu saura guda, wadda ke hannun Inna. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin gonar da ke gilashin, amma yatsanta ya san wurare uku da ake dannawa. Kullum bayan la'asar takan zauna a tabarma ta danna har kwana tara ya cika, don ta ji ɗanta ya ce hadari ya taso gabas. Wani lokaci ta amsa masa da “To.” Batirin wayar ya kumbura har bayanta ya ɗago, an ɗaure da roba. Mai sola da ke yi mata caji ya faɗa mini a gefe cewa ba ta kai kaka.

Babbar 'yar Arzika, Bibata, tana da shekara goma sha shida lokacin da ya rasu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: karatun kwamfuta ta yi a Yamai, ta gama bara. Ita ta ce za ta sake gina wasan daga tushe don ya shiga wayoyin yanzu. Ta karɓi kayen da katin, ta karanta, ta saurara, ta yi kukanta. Sannan ta zo gidana ta zauna ta ce, “Baba Hamidu, to, ni na shirya. Amma kai kas san shi hiye da kowa. Wane za ni yi, wanda mutane ka so, ko wanda shi ya rubuta?”

Na ce a yi duka biyu mana, a sa maɓalli, mai son tsohuwar damina ya danna nan, mai son sabuwa ya danna can. Ta buɗe kayen ta nuna mini shafi na uku. Ya riga ni. Ya rubuta, har ya ja layi biyu a ƙasa, cewa kada a bar ƙofar komawa tsohuwar damina, don in an bar ta ba wanda zai taɓa buɗe ɗayar. Sai na ce to a fito da nasa ga duniya, a yi wa Inna nata ita kaɗai, irin na da. Bibata ta dube ni kawai, ni ma na ji abin da na faɗa. Ita kaɗai. Haka na ce wa mutumin Kore Mairuwa. Wayar Inna kullum tana hannun mai caji da maƙwabta da jikoki, kuma abin da ya shiga waya ɗaya a Arewa ya shiga dukansu. Cikin wata guda tsohuwar damina za ta sake cika gari da sabuwar riga, a binne aikin Arzika karo na biyu, kuma karo na biyu da hannuna.

To ga inda na tsaya wata uku. In na ce a yi ɗumame, na ci amanar mamaci, wanda ko a raye ni na hana shi gyara aikinsa. In na ce a bi kaye, ranar da wayar Inna ta mutu muka ba ta sabuwa, za ta danna wurarenta uku tana jiran kwana tara, sai ta ji ɗanta da ke kabari yana gaya mata shuka ta ƙone. Tsohuwa ce mai hawan jini. Na riƙa ganin abin a idona ina tsakiyar darasi, har yara su lura na tsaya da alli a hannu. Na rame, matata ta ɗauka wani ciwo nake ɓoyewa.

Abin kunya, ban yi tunanin tambayar Inna ba sai da komai ya ƙure mini. Mu 'yan boko haka muke, muna yanke wa tsofaffi shawara don muna ganin muna kare su. Ranar Asabar da ta wuce na je Dumega, na same ta bayan la'asar da wayar a cinya. Na fara kewaye-kewaye, na ce ko ta san ruwan da ke cikin wasan nan nata ne, na shekarar da ta haifi Arzika. Ta ce ta sani, ita ta ƙirga masa. Na ce lallai shekarar ta yi albarka, ba a sake irinta ba.

Ta yi 'yar dariya. “Wace albarka? Sau ukku munka yi shuka shekaran nan. Ruwa ya ɗauke muna kwana ashirin, gero ya bushe tsaye, sai da ubanku ya kai akuyata kasuwa anka samo iri.”

Na ce, “Inna, to ai ba haka kika faɗa masa ba.”

“Ya ce in ba shi damanar da ta hi kowace kyau. Ni ko wadda na same shi ciki ita ta hi. Kwanukkan ruwan na ba shi, na hwari na riƙe abina. In ce mai mi, ya zo da yunwa?”

 Daminar da rabin Arewa ta haddace, wadda 'yan cin rani suka riƙa nomawa a bakin teku don su tuna gida, ba a taɓa yin ta ba a duniya. Uwa ce ta tsince wa ɗanta tsakuwa daga cikin shekarar haihuwarsa. Shi kuma ya mutu yana ƙoƙarin mayar da kwana ashirin ɗin da bai san an cire ba.

Daga nan na faɗa mata komai: wayar da ke mutuwa, Bibata, kayen, da muryoyi goma sha huɗu da ke cikin kati. Na yi ta jaddada cewa ba masu daɗi ba ne, don ta shirya. Ba ta ko kula da wannan ba. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, “Kana nuhin akwai maganar da Arzika ya yi wadda ban taɓa ji ba?” Na ce akwai. Ta ce, “Shekara bakwai, Hamidu.” Ba ta ɗaga murya ba. Na sha faɗa a wurin Inna tun ina yaro, ban taɓa jin wanda ya kai wannan zafi ba.

Bibata ta riga ta sa mini su a wayata. Na zaɓi ta farko na kai kusa da kunnenta. Muryarsa ta fito, a hankali yadda yake magana: “Ruwa ya ɗauke. Ku yi haƙuri, ku duba in da sauran iri.” Sai ɗan tari a ƙarshe, wanda bai kai ga gogewa ba. Ina kallon fuskarta ina jiran abin da na yi wata uku ina tsoro. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, “Mura gare shi ranan nan.” Ta share ido da bakin zane. Na kai hannu zan sa ta biyu, ta riƙe mini wuyan hannu. “Bar sauran. Kak ka ƙare mini su rana guda. Waccan na haddace ta har ta zan kamar tawa. Ku sa su cikin abin, in riƙa gamuwa da su.”

A motar dawowa na kira Bibata na ce ta bi kayen ubanta, shafi da shafi.

Kada mai karatu ya ɗauka hankalina ya kwanta. Ina tsoron ranar da wasan zai fita. Na san mutanenmu, za su buɗe da murna suna jiran kwana tara, ruwa ya ƙi zuwa, su ce 'yar Arzika ta ɓata aikin ubanta, su goge. Mai yiwuwa mutumin Sukukutane ya zo ya tambaye ni me ya sa muka ƙwace masa wurin hutunsa, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da shi. Ina tsoron wayar da aka ɗaure da roba ta mutu kafin Bibata ta gama, a samu kwanakin da la'asar za ta yi Inna ba ta da abin dannawa. Akwai kuma tsoron da ya fi waɗannan. A sabon wasan ba wanda ya san ranar da kowace murya za ta fito, wata sai an yi damina da yawa kafin a ci karo da ita. Inna ta haura saba'in da biyar. Na roƙi Bibata ko za ta ɗan karkata abin yadda kakarta za ta ji duka da wuri. Ta ce, “Baba Hamidu, ka koma ga hadda.” Har yadda ta faɗa irin na ubanta ne.

In aka tambaye ni me ya rage na Arzika bayan shekara bakwai, a da sai in ce suna, wasan da ya zagaya ƙasa. Yanzu na ga wannan ne ma ya fi saurin tafiya, yana mutuwa tare da tsofaffin wayoyi. Rumfarsa wani ke sayar da taya a ciki. Abin da ya rage shi ne taurin kan nan nasa, wanda ya ƙi yarda a gaya wa manomi ƙarya ko da a cikin wasa, ya bar shi a kaye, 'yarsa ta ɗauka. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan rahama ya sauka a kabarinsa a ranar da aka sani da wadda ba a sani ba, ya yafe mini abin da na yi masa da bakina.

Tun da ya rasu, duk kiran da na yi wa Inna gaisuwa ce da labarin ciwon ƙafa, ba ta tambayar gobe. Cikin satin nan sau uku ta sa an kira ni, kuma tambayarta ɗaya ce, ko Bibata ta gama. Saura goma sha uku ba ta ji ba.